Gyaran da Ya Tafi Yendi

Shekara ashirin ina sana'ar doya a kasuwar Salaga. Saboda haka da ƙungiyarmu ta sayi kwamfuta, aka ce saura maus, ban bari an aiki kowa ba, ni ne sakatare. Mutumin da ke gane doya mai kyau daga ɗagawa, maus ne zai gagare shi?

A shago na jinjina guda huɗu a tafin hannu, na zaɓi mafi nauyi, marar waya. Mai shago ya fara bayani, na katse shi: "Ɗan'uwa, ba yau na fara ciniki ba."

A gida na tarar da wani ɗan mitsitsin ƙarfe cikin kwalin. Na ce lallai mutumin nan ya san girmana, har gyara ya saka mini, abin ajiye hotuna. Surukina zai koma Yendi, na danƙa masa shi tsaraba, ya yi ta godiya.

Ranar taro na zauna gaban dattawa, na murza maus. Kibiyar da ke fuskar kwamfuta ko motsi. Na girgiza shi, na hura masa iska, na yi bisimilla na sake. Hajiya Larai, shugabar mata, ta leƙo ta saman tabarau.

"Malam Sakatare, ina ɗan abin da ake soka wa kwamfutar? Ai sai da shi maus ke aiki."

"Gyaran? Yana Yendi."

Bayan kwana uku direba ya kawo shi ƙulle cikin leda. Yanzu maus na tafiya sumul, har wasiƙa nake bugawa da kaina. Amma duk wanda ya sayi doya wurina sai ya ce, "Sakatare, miƙo gyarana kafin ya hau motar Yendi."