Amfilifaya a Cikin Firji

Duk wanda ya shiga kasuwar Utako bai gaisa da Injiniya Badaruddeen ba, ya yi asarar kuɗin mota. Shi ne mai shagon gyaran rediyo na ƙarshen layi, wanda allonsa ya fi ƙofarsa faɗi. Ba jami'a ce ta ba shi Injiniya ba. Shi ya duba cancantarsa da kansa, ya ga babu dalilin jira. Maƙwabta suka ƙara masa da Farfesan Wayoyi, ya karɓa hannu bibbiyu, bai taɓa tambayar abin da ya sa suke kau da kai in sun faɗa ba.

Gaban wannan bajimi Thaddeus ya zo ya rusuna wata Litinin. Mai wankin mota ne a Mararaba, shekara goma yana kaɗa gita a ɗaki, ba mai ji sai matarsa. Yanzu wasu makaɗan biki sun ce za su gwada shi ranar Asabar da ƙarfe biyu, amma da sharaɗin ya zo da amfilifayarsa, wato na'urar ƙara sauti. Sabuwa ta fi ƙarfinsa. Ƙarama yake roƙo, wadda zai rungume a bas.

Injiniya ya tsai da wani baban bola, ya zazzage buhunsa. Ya ciro sifika daga mataccen talabijin, ɗan allon wayoyi daga rediyon mota, ya haɗa da batirin babur, kafin la'asar ya liƙe su da dalma. Thaddeus ya jona gita, sauti ya fito garau, har idonsa ya ciko da ƙwalla. Gaskiya dai a faɗe ta, mutumin yana da hannu.

Sai dai abin duka bai fi faranti ba, kuma wannan ya sosa wa Farfesa rai matuƙa.

"Ka fita da wannan a ce daga shagona ya fito? Ni da ake zancena har Bwari? Thaddeus, ba kai kaɗai za ka hau dandamali ba, da sunana za ka hau."

Ranar Talata aka shigo da gawar wani firji, aka ɗaure 'yar na'urar a cikinsa. Laraba wani kafinta ya yi masa fukafukan katako, aka jera matattun sifiku shida don kwarjini. Alhamis Injiniya ya kakkafa maɓallan murhun gas guda goma sha biyu, ko ɗaya bai jone da komai ba, amma ya raɗa wa kowanne suna da Turanci. Juma'a bayan masallaci aka zagaye shi da fitilu masu ƙyaftawa, aka manna hoton mai ƙirar a tsakiya, da tabarau. Kullum Thaddeus sai ya bar aikinsa, ya ratso cunkoson Nyanya, a gaya masa ana kan aiki. Tsoro ya fara cinsa, amma wa ya isa ya katse masani?

Asabar da hantsi ƙarti huɗu suka cicciɓi abin. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Aka kwantar, aka karkata, aka juya, fukafukai suka ƙi wucewa. Injiniya ya ɗora laifin a kan maginin kasuwa, mutum marar hangen nesa da bai san za a yi irinsa ba. Ya zura babbar riga ya tafi neman izinin fasa bango, ya bar Thaddeus gadi, da gargaɗin kada ya taɓa komai.

Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta gota. Thaddeus ya dubi agogo, ya dubi firji, ya nemi gafarar Ubangiji. Ya buɗe bayansa, ya kwance sifikar talabijin da allon da batirin, ya cusa su a wani tsohon bokitin fenti, ya fita da gudu.

Aka gwada shi, aka ɗauke shi.

Litinin ya dawo godiya, zakara a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya. Ya tarar da bango yana nan, shago cike da 'yan kallo, fitilu na ƙyaftawa. Injiniya na murɗa maɓallan murhu yana bayanin yadda na bakwai yake tace sauti. Kwana biyu ke nan yana wannan lacca, bai leƙa ciki ba.

Da Injiniya ya ji cewa da bokiti aka ci jarrabawa, sai fuskarsa ta canja. Ya karɓa da yatsu biyu, ya gyara tabarau, ya ɗaga wa jama'a.

"Ku dubi liƙi kamar kashin kaza. Ku dubi wayoyi a barbaje. Irin waɗannan 'yan koyo su suka kashe sana'a a ƙasar nan. Wanda ya haɗa wannan, kamata ya yi a hana shi taɓa waya har abada."

Thaddeus ya yi ƙasa da murya, ya roƙa a bar maganar sai an watse. Injiniya ya ƙi. Ya ce shi ba ya rufa wa jahilci asiri, sai an faɗi sunan mutumin da ƙarfi, kowa ya ji ya kiyaye.

Thaddeus ya ajiye zakara, ya share gumi.

"Oga, aikinka ne fa. Daga cikin firji na cire shi."