Gadon Jinya Sai Mai Ƙoshin Lafiya

Jama'a, ku yi mini uzuri in kun ji ina huci a wannan makon. Rana ce ta gasa ni gashi biyu ranar Asabar, da safe a layin mai, da hantsi kuma a ƙofar makarantar kwana inda Autata take. Layin mai dai mun saba, mun zama 'yan gida, har mai zuba man ya san masu hawan jini a cikinmu. Na makarantar ne sabo, shi na kawo muku.

Malamar jinya ce ta kira uwar yaran ta ce zazzaɓi ya kayar da Auta, ko abinci ba ta iya ci. Yarinyar da bana ta fara kwana a wani wuri ba gida ba. Uwarta ta tasa ni gaba, ni kuwa na ce ta kwantar da hankalinta, ai makarantar ta gina sabuwar Cibiyar Walwalar Ɗalibai, har an nuna mana hotonta a taron iyaye mun yi tafi. Maƙwabcina tela, wanda ba a magana a unguwa bai sa bakinsa ba, ya leƙo ta tagar shago ya tambaye ni ko hoton ne zai ba ta magani. Na ce masa ya ji da zarensa, na buga babur na kama hanya.

Da na isa sai maigadi ya ce ba shiga, yau Mai Girma Uban Almakashi zai zo buɗe cibiyar, iyaye su dawo wani makon. Na yi roƙo, na yi magiya, kamar ina yi wa bango. Can sai ga motar kujerun haya ta tsaya. Na cire hula na cusa a aljihu, na ɗora kujeru a ka, na bi sahun 'yan dako. Ashe uba ne ba ya shiga, mai kujera a ka ko kallonsa ba a yi.

Cibiya dai ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. Fenti na ta ƙamshi, an jera furanni a tukwane. Na leƙa ta taga, ga gadaje da fararen zannuwa, kowane gado da yarinya a kwance. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido ban ga Auta ba. Abin da ya ɗaure mini kai, marasa lafiyan nan kumatunsu sai sheƙi suke yi. Sai ɗaya ta ɗago mini hannu, na duba, ashe 'Yar Lukuti ce, ƙawar Auta, wadda in ta zo mana hutu ba a kwana da sauran abinci a tukunya. Gabana ya faɗi, na ce ita ma ciwon ya kama ta? Ta matso ta raɗa mini cewa garau take. Tun jiya aka zaɓo su, aka koya musu yadda za su yi nishi a hankali, in Mai Girma ya taɓa goshinsu kuma su yi murmushi. Auta tana sito, bayan ajujuwa.

A siton na same ta, tsakanin karyayyun tebura, a kan katifa a ƙasa, ita da wasu yaran masu ciwon gaske. Malamar jinya tana yi musu fifita da kwali. Ta ce magani kaf an kwashe an jera a kabad ɗin gilashi na cibiyar, an kuma ja mata kunne kada ta fasa ko kwali ɗaya sai an yanke ƙyalle. Na ɗora hannu a goshin Auta, zafi rau. Ta buɗe ido ta ce, "Baba, tafiya da ni ka zo yi?" Wallahi a nan zuciyata ta karye.

Na je na sami shugabar makaranta, ta yi mini bayani mai gamsarwa. Mara lafiyan gaske idonsa ja ne, ba ya kyau a hoto. Yana iya yin amai a takalmin Mai Girma, ko ya shafa masa abin da ba a so. In yi haƙuri, da zarar an buɗe, Auta ce ta farko a gado. Kun ji hikima. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da ƙaramin sanina, da can na ɗauka don marasa lafiya ake sayen gadon jinya.

Sai da rana ta karkata Mai Girma ya iso, da jerin motocin da man da suka sha zai sallami layinmu na safe har da ragowa. Ya yi jawabi ya ce yara su ne manyan gobe, lafiyarsu ce take hana shi barci. Ya yanke ƙyalle. Ya bi gado gado yana taɓa goshi, yara na nishi suna murmushi, magoya baya na cewa hannun nan akwai albarka. Ya ɗauko bargo da kwalin magani ya miƙa wa 'Yar Lukuti, aka ɗauki hoto. Daga nan aka kawo masa makullin cibiyar a kan faranti, ya ɗaga shi sama, aka sake ɗaukar hoto, ya jefa a aljihu. Aka fito da marasa lafiyan aro su yi waƙar ban kwana, wani hadimi ya jawo ƙofa, ita kuwa irin mai kulle kanta ce. Motoci suka tashi.

Da aka nemi makulli sai kowa ya shiga kallon na kusa da shi. Na tambaya ina ɗaya makullin, aka ce yana cikin durowa, durowar kuma tana ciki. Na ce to a kira Mai Girma a waya. Shugaba ta dafe ƙirji, wai a ce wa babban mutum ya dawo da kyauta? Na ce a ɓalle ƙofar. Ta ce ƙofar da ya buɗe da hannunsa, fenti ko bushewa bai yi ba? Za dai a kafa kwamitin da zai duba yadda za a tuna masa ba tare da ya ji an tuna masa ba.

Na juya sito raina a ɓace, na yanke in goya Auta a babur mu nemi asibiti, duk da nisan hanya da halin da take ciki. Ina shiga na tarar an lulluɓe ta da sabon bargo, malamar jinya tana ɓare kwalin magani tana dubawa, 'Yar Lukuti na durƙushe da kofin ruwa. Ashe an ce mata bayan hoto ta mayar da kayan kabad, ita kuwa ta cusa su a cikin riga ta fito da su. Malamar ta ce maganin zazzaɓin ne, zai kuma ishi duk na siton. Na ce wa yarinyar ba ta tsoron a hukunta ta? Ta ce, "Baba, ni aka ba, aka ce in sha in warke. To ga shi na warke."

Na zauna har Auta ta yi gumi ta nemi abinci. Da na ce ta tashi mu tafi gida, sai ta riƙe hannun ƙawarta ta ce in gaida Mama, ita ta fasa.

Har yau da nake wannan rubutu cibiya a kulle take, kwamiti yana zama. Ni dai ba ni da bakin tuna wa manya komai. Amma in mai wankin Mai Girma yana cikin masu karanta ni, don Allah ɗan'uwa, kafin ka jiƙa, laluba aljihun dama.