Kan Dila Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Idirisa baduku na Sabon Gari, Maradi, tare da abokansa na ƙungiyar Masu Wutsiya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da masu dariya ta bayan katanga, rasuwar abin ƙaunarsa, Kan Dila, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi a garin Tsibiri, bayan gajeriyar jinya da ba ta wuce a je gidan suna a dawo ba. Ya rasu yana da shekara biyu da wata bakwai a duniya. Ya rasu saura kwana huɗu taro.

Ga wanda bai san gidan mamacin ba, Masu Wutsiya samari ne da 'yan mata da ke ɗinka wa kansu shigar dabbobi, kai da tafuka da wutsiya, su saka, su haɗu, su yi rawa da tatsuniya, a ɗauki hoto. A salula suka ga ana yi a wasu ƙasashe, suka ce ai mu ma muna da daji. Mutanen unguwa sun daɗe da yanke musu hukuncin rashin aikin yi, su kuwa sun daɗe da toshe kunne. Ranar Asabar mai zuwa za su yi babban taronsu na farko a wani zauren biki da ke unguwar Zariya, baƙi za su zo daga Damagaram da Yamai da Katsina, kuma a takardar shiri an riga an buga cewa Dila ne zai buɗe taro da tatsuniya.

An haifi marigayin a rumfar dukanci ta Idirisa, tsakanin takalman da ke jiran gyara. Ta wajen uba jinin Jiratawa ne, domin ƙoƙon kansa wata ƙwarya ce mai kauri da aka noma a can, aka bari ta bushe shekara guda. Ta wajen uwa kuwa asalinsa ba ya buƙatar tambaya: fatar jar akuya ce ta Maradi, wadda aka jeme da gashinta, Idirisa ya bi ta da almakashi har ta kwanta luf. Kunnuwansa soson tsohuwar kujerar moto ne. Idanunsa matatar shayi ce guda biyu da aka shafa wa baƙin fenti, ta yadda na ciki yana ganin duniya, duniya ba ta ganinsa. Haƙoransa ƙwallon goriba ne, an fere su ɗaya bayan ɗaya. Wata huɗu aka yi ana naƙudarsa, kuma duk wanda ya kai takalmi gyara a wannan lokaci ya san haka, domin bai karɓi takalminsa a ranar da aka yi masa alkawari ba.

Marigayin mai haƙuri ne. An sha ɗaure shi a bayan kabu-kabu cikin buhun taki, an sha buga masa hanci da ƙofa, bai taɓa kai ƙara ba. Kunnensa na hagu ya karkace tun yana jariri, ya ƙi miƙewa duk da waya da aka sa masa, har abin ya zama masa ado. Ba mai yawan surutu ba ne. Muƙamuƙinsa, wanda aka ɗaure da robar tayar keke, yakan ce ƙwas, ƙwas in ana magana a cikinsa, 'yar fankar da aka maƙala masa a ƙeya kuma tana yin zirrr, sai ta yi shiru, sai an ɗan mare ta sannan ta ci gaba. Aibinsa guda ne, ba za a ɓoye shi ba ko da ya mutu: yana da wari. Zufar Maradi ta shekara biyu ba ta fita da addu'a.

Amma babban alherin da ya yi, wanda ya sa ake wannan sanarwa da hawaye na gaske, Idirisa kaɗai ya san nauyinsa. Idirisa mai i'ina ne tun yana yaro. Ba irin ta ɗan tuntuɓe a wuce ba, irin wadda harafi ɗaya zai riƙe shi a maƙogwaro har jijiyar wuyansa ta tashi. A lakwal, wato makaranta, ya sha dariya har ya daina ɗaga hannu. A rumfa masu ciniki ne ke ƙarasa masa magana, su faɗi abin da suke so ya faɗa, shi kuwa ya gyaɗa kai don a rabu lafiya. Shekara ashirin da shida mutane suna yi masa wannan taimako, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamarsa.

Ranar da ya fara zura kansa cikin marigayin, ya juya ga Atika mai ɗinki, wadda ke shigar Zomo, ya ce mata ta miƙo masa madubi. Sai da ta miƙo sannan su biyun suka daskare. Maganar ta fito a miƙe, daga farko har ƙarshe, ba gargada. Ya sake wata, ta fito. Ya yi ta zuba kamar an buɗe famfo, ya zagi Maliki mai shigar Kura, ya kwaikwayi mai shelar kasuwa, ya ba da labarin da ya riƙe a ciki tun yana aji uku. Yana cire kan, harshe ya koma gidan jiya. Babu wanda ya san dalili, shi ma bai tsaya bincike ba. Wanda ya samu rijiya ba ya tambayar wa ya haƙa.

Yadda ajali ya zo kuwa, ga shi. Da yake Sabon Gari ba wurin da za a yi tsalle da wutsiya ba tare da an tara jama'a ba ne, ƙungiyar takan je gwaji Tsibiri, gidan kakar Idirisa, Iya Tasalla, mai faɗin tsakar gida da awaki uku da jaki ɗaya. Ranar Lahadi aka yi gwajin ƙarshe. Idirisa ya yi tatsuniyarsa tun daga ga ta nan har ƙurunƙus, Iya tana zaune a bakin ɗaki tana tsince wake. Da aka tashi hadari ya haɗo, ya ji tsoron kada ruwa ya taɓa fatar a hanya, sai ya rataye marigayin a ɗakin Iya, ya ce zai dawo ya ɗauka.

Ranar Talata da safe Iya Tasalla ta sauko da shi, ta leƙa ciki, ta ga ƙwarya ce, ta kuma ji abin da hanci ke ji. To a wurin Iya, ƙwarya ƙwarya ce, ko an sa mata kunne. Ƙwaryar da ta yi tsami kuwa maganinta ɗaya ne tun kakannin kakanni: a cuɗe ta da dusa, a ɗauraye da ƙasari, ruwan nan na wankin gero, a kife ta a rana. Haka ta yi masa ciki da waje, har cikin kunnuwa, har tsakanin haƙora, ba ta bar lungu ba. Ta kife turmi, ta ɗora shi a kai yana kallon gabas, ta yafa gyale ta tafi gidan suna.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da dusa da ƙasari suke a wurin akuya. Awakin Iya ba su yi shawara ba. Sun fara da lasa, suka koma ga kunnen dama, suka bi da na hagu mai karkata, suka tsige gashin goshi. Babbar cikinsu, ja ce ita ma, wadda ta yiwu 'yar uwar marigayin ce ta wajen uwa, ita ta ture shi daga kan turmi. Jaki ya zo ganin abin da ake ci ba a kira shi ba, ya ɗora ƙafa. Maƙwabciya ta ce ta ji ƙwas guda ɗaya mai ƙarfi, daga nan ba ta ƙara jin komai ba.

An yi iya ƙoƙari. Idirisa ya kwashe marigayin a zanen Iya, Maliki ya goya shi a moto har Jiratawa wurin wani tsoho mai ɗinkin ƙwarya. Tsohon ya jera gutsattsarin a tabarma, ya ƙirga goma sha ɗaya, ya girgiza kai. “Samari, wadda ta tsage aka ɗumkewa,” in ji shi. “Wagga kam ta zama sakaina, sai haƙuri.” Aka dawo Maradi, aka gwada liƙawa da kol, wato gam, aka gwada waya, muƙamuƙi ya faɗo a hannu. Ranar Laraba Idirisa ya sayo sabuwar ƙwarya ya hau fafe ta da sauri, ta fashe tun kafin a huda ido. Abin da aka yi a wata huɗu ba ya yiwuwa a kwana uku, ko da aljani ne baduku.

Maliki ya cire nasa kan ya miƙa masa. “Ungo, Idi, sa nawa. Kura ma ai dabba ta, wa zai bincika?” Idirisa ya saka, ya buɗe baki, ya maƙale a harafin farko, har gumi ya cika masa ido. Ya gwada na Atika, ya gwada bokiti da aka huda, ya gwada rufe fuska da rawani. Babu wanda ya karɓe shi. Atika ta ce, “To bari ni in yi tatsuniyar, kai ka tsaya gehe ka riƙa kaɗa wutsiya.” Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, amma Idirisa ya ji ta kamar sauran masu ciniki, an sake ƙarasa masa magana. Ya fita bayan rumfa ya yi kuka, kukan babban mutum, mara daɗin ji. Tun ranar abinci ba ya wuce masa, kuma sau biyu yana ɗaukar salula zai rubuta wa baƙi cewa ba shi da lafiya.

Jiya Alhamis ya koma Tsibiri, da niyyar ya faɗa wa Iya abin da ta yi masa, ko zai ɗauke shi yini guda. Ya same ta ta ɗaure awakin duka uku a turke ɗaya, ita kuma tana zaune ba ta ko kunna wuta ba. Ya fara, “I-i-iya, m-m-mi,” ya tsaya. Iya ba ta ƙarasa masa ba. Ita kaɗai ce a duniya ba ta taɓa yi ba. Ta jira har ya kai ƙarshen tambayarsa, mi ya sa ta taɓa mishi kaya, sannan ta share ido da bakin zane.

“Maigidana, ran Lahadi ina nan zamne ina tsintar wake, na ji murya cikin abin nan. Na ce wane na wanga mai baki haka? Sai na ga ƙahwarka. Shekara ashirin da shidda ina roƙon Allah in ji ka yi magana ta tahi ɗoɗar kahin in mutu, ga shi na ji. To abin da ya ba ka baki, in bar shi da dauɗa? Ina da abin da zan ba shi ban da wanki?”

Iya ta ƙara da cewa ita fa tsohuwa ce, ba ta san boko ba, amma ta wanke ƙwaryar nan ciki da waje, ta leƙa kowane lungu, ba ta ga harshe a ciki ba. Idirisa bai yarda da wannan magana ba, har yanzu ma bai yarda ba, tsoro ne fal cikinsa. Amma bai aika wa baƙi saƙon rashin lafiyar ba.

Marigayin ya rasu ya bar wutsiya ɗaya, da tafukan hannu biyu, da riga mai gashi wadda zik ɗinta ke cijewa. Ya bar fanka, tana raye amma ba ta cikin hayyacinta. Ya bar haƙora bakwai, sauran suna cikin akuya. Ya bar abokan tafiya, Kura da Zomo, da kaka mai nadama, da maraya guda mai shekara ashirin da shida.

Za a yi jana'iza yau Juma'a bayan la'asar a Tsibiri, gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke bayan gidan Iya Tasalla. Ba za a yi masa salla ba, domin ƙwarya ne, ba kuma za a yi masa wanka ba, domin wanka ne ya kashe shi. Ramin zai yi zurfi saboda awaki, waɗanda ba a gayyata ba.

Zaman makoki kuwa gobe Asabar ne da ƙarfe huɗu na yamma, a zauren taro na Zariya. Ba a canza takardar shiri ba. Idirisa zai hau dandamali da wutsiya da tafuka da fuskarsa ta haihuwa, ya riƙe mikro, abin magana, a gaban mutum kusan tamanin. An ajiye wa Iya Tasalla kujera a layin gaba. Iyalan mamacin ba sa buƙatar goro ko dabino, abu ɗaya suke roƙo don girman Allah. In ya ɗaga mikro ya ce ga, ga, ga, ya tsaya, kada kowa ya ƙarasa masa, kada a tafa don a rufa masa asiri, kada a kalli ƙasa. A jira shi, ko za a kai magariba. In ya kai ƙarshen ga ta nan ga ta nanku da bakinsa, sai a amsa masa da ƙarfi yadda Iya za ta ji: ta zo mu ji ta.