Yadda Za Ki Shaida wa Uwa Ɗanta Yana Ci Gaba, Ko da Bai Motsa Ba

Ke sabuwar malama da aka danƙa wa ajin 'yan shekara biyu, share hawayenki. In kika bi matakan nan yadda na jera su, na yi miki alkawari babu uwar da za ta bar ƙofar ajinki da ɓacin rai, babu yaron da za a cire a kai makarantar tsallaken titi, kuma Madam Adunni, mai makarantarmu, za ta riƙa kiranki "'yata". Ni ce Anti Bolanle. Shekarata goma sha ɗaya ina share majina a nan Badun, kuma ban taɓa yaye daƙiƙi ba. A takarda dai.

Mataki na 1: Ki san gidan da ba a shiga

Duk ƙarshen zango za ki cika wa kowane yaro takardar ci-gaba. Yana hawa matakala? Yana riƙe cokali? Yana haɗa kalma biyu? Yana juyowa in an kira sunansa? Gaban kowace tambaya akwai gida uku: "Ya iya", "Yana kan hanya", "Bai fara ba".

Ranar da na kama aiki, Madam ta ɗora yatsa a kan gida na uku ta ce, "Nan kabari ne, Bolanle. Mai rai ba ya shiga."

Ki riƙe na tsakiya da hannu biyu. Hanya ba ta da iyaka, kuma duk wanda ya taɓa hawa motar Ikko ya san mutum yana iya yini a kan hanya bai gusa ba.

Mataki na 2: Ki raɗa wa kowane hali sabon suna

Yaro ya ciji ɗan'uwansa? "Yana da son kusantar abokai." Ya cinye alli? "Mai bincike ne." Ya yi barci daga safe har a tashi? "Ba ya da fitina." Masana sun ce gaskiya kamar barkono take, ana zuba wa yaro gwargwadon shekarunsa, uwa kuwa ba a zuba mata sam.

Mataki na 3: In kin ga abin da ba ki so, ki kai wa Madam ta sauke miki

Bara an kawo mini wani yaro, Dotun, ɗan shekara biyu da rabi. Ga kumatu, ga tsabta, ga ladabi. In ya ga yara sun kwanta gaisuwa, shi ma ya kwanta. In sun tafa, ya tafa, sai dai kullum nasa tafin yana zuwa bayan na kowa. Magana kuwa ko "Mama" babu. Na rubuta "mai zurfin tunani".

Wata rana farantin silba goma sha biyu suka suɓuce daga hannuna a bayan aji. Yara ashirin da biyu suka ɓarke da kuka. Dotun yana zaune ya ba ni baya, yana jera murafen kwalba, ko gezau. Na je bayansa na kira sunansa sau uku. Ya ci gaba da jeri.

Na sami Madam a ofis, na durƙusa na faɗa mata.

Ta ce, "Yaushe kika zama likita?"

Na ce, "Ma, gani nake kamar ba ya ji."

"Kamar. To ki je ki ce wa uwarsa kamar. Ta gaya wa surukarta, surukarta ta gaya wa kasuwa cewa a makarantar Adunni yara suke kurmancewa. Ɗan ƙanena sai da ya shekara huɗu ya buɗe baki, yau lauya ne, an rasa mai rufe shi."

Na fito wasai. Amfanin shugaba ke nan.

Mataki na 4: Ki riga uwa magana

Uwa mai tambaya haɗari ce, don haka kada ki bar ta ta haɗiye yawu. Iya Dotun, wato uwar yaron, tela ce, mijinta yana aiki a Ikko, tana zaune da surukarta, Alhaja. Kullum da yamma takan zo da zare maƙale a zaninta, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai son faɗin wani abu. Ni kuwa tun daga nesa nake tare ta.

"Iya Dotun, sannu da aiki. Yau ɗanki ya cinye alalarsa tas. Ya jera murafe ashirin, ja daban, kore daban. Injiniya kika haifa."

Sai ta ce, "Anti, a aji yana ɗan… yana magana da ku?"

"Da ido yake magana. Irinsu ba sa zubar da kalma a banza."

Sai ta yi dariya, ta goya shi. Ranar Juma'a ta kawo mini ƙosai. Da ƙaramar Sallah ta ɗinka mini riga ba ta karɓi ko sisi ba. Wata bakwai muka yi a haka. Idan ƙosan ya tsaya miki a wuya, ki kora da ruwa.

Mataki na 5: Ranar biki, ki ba shi lambar yabo

A ƙarshen shekara muna yaye 'yan biyu zuwa ajin 'yan uku, da doguwar riga da hula mai tuntu, kamar waɗanda suka gama jami'a. Kowane yaro zai faɗi sunansa a lasifika. Wanda ba zai iya ba, ki cusa shi tsakiyar masu waƙa, sannan ki ƙirƙiro masa kyauta. Dotun na ba shi ta "Yaro Mafi Natsuwa".

Alhaja ta zo da ƙawayenta shida cikin anko, ɗaurin kallabinsu ya tare wa layi biyu gani. Mai sanarwa ya kira, "Dotun Fagbemi." Yaron yana tsaye ya juya baya, yana wasa da tuntun hularsa. Aka sake kira, aka ƙara murya har lasifika ta yi ƙara, yara suka toshe kunne. Alhaja ta miƙe tana yi masa kirarin gidansu, tana jero kakanninsa. Bai waiwayo ba.

Na lallaɓa na taɓa kafaɗarsa. Ya juyo da murmushi, ya ga jama'a, ya kwanta gaisuwa. Wuri ya ɗauki tafi. Alhaja ta ce wa ƙawayenta, "Kun gani? Jinin sarauta, sai an je an ɗauko shi."

Kin ga aiki ya yi kyau. Uwarsa ce kawai ba ta tafa ba.

Mataki na 6: Kada ki yarda a same ki ke kaɗai

Nan na faɗi, don haka ki kula. Na zagaya bakin famfo in wanke hannu, sai ga Iya Dotun a bayana, da takardar ci-gabansa a hannu.

Ta ce, "Anti, nan kin rubuta yana kan hanyar juyowa in an kira shi."

Na ce haka ne.

"Tun yaushe kika sani?"

Ina da amsa goma a tanade. Bakina ya ce, "Tun watan Nuwamba."

Na jira mari. Sai ta zauna a kan dakalin famfon, da sabon leshinta, ta ce, "Ni tun kafin in kawo shi. Na buga murfin tukunya a bayansa, bai motsa ba. Na gaya wa Alhaja, ta ce babu kurma a zuriyarsu, sai dai in daga gidanmu na kwaso. Shi ne na ce bari in kai shi wurin masu ilimi. In malama ta faɗa, dole su ji. Kullum ina zuwa in ji kin faɗa, ke kuma kina ce mini injiniya."

Na ce, "Ki yafe mini, Iya Dotun."

Ta ce, "Yafiya ta jira. Kina da biro?"

A kan murfin durom na yi wa gida na uku alama, na rubuta a ƙasa cewa a kai yaron wurin likitan kunne, na sa hannu da cikakken sunana. Ta kai wa Alhaja a gaban ƙawayen nan shida. Abin da aka ce a can ban ji ba, don a lokacin Madam tana faɗa mini nawa rabon a ofis, da ƙofa a rufe.

Mataki na 7: In yaron ya dawo, ki nemi auduga

Likita ya ce ruwa ne ya daɗe da taruwa a cikin kunnuwan. Aka yi masa ƙaramin aiki. Ya ce na dama zai ji sosai, na hagu sai abin da hali ya yi, ya kuma tambayi uwar me ya sa aka makara. Ba ta ambaci sunana ba.

Dotun ya dawo bayan hutu, aka bar shi a ajina ya maimaita. Mai natsuwar nan ya tafi. Ƙarar ƙofa kuka, ƙarar babur kuka, in yara suna waƙa sai ya toshe kunne yana hararsu. A mako na biyar, ana tsakiyar hayaniyar cin abinci, ya hau kan kujera, ya riƙe ƙugu, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Shiyu."

Shiru yake nufi. Da muryata ya faɗa, har da yadda nake karkata kai. Kalmarsa ta farko ke nan a duniya, kuma a bakina ya tsince ta.

Da yamma na gaya wa uwarsa. Ta dube ni ta ce, "Da gaske, ko irin taki?"

Sai da na kira mai dafa abincinmu ta shaida kafin ta yarda.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ce, ba lauya ba ce, tun bara kuma an daina kiranta "'yata". Duk wadda ta bi matakan nan ta sami ƙarin girma, ta gode wa Madam. Wadda kuma wata uwa ta ritsa ta a bakin famfo, kada ta ce Bolanle ce ta aike ta. Babu hannuna a kunnen ɗan kowa daga yau. Nawa alhakin, wata bakwai cur, ya ishe ni ɗauka.