Yadda Aka Ƙara wa Kujerar Gwaggo Enid Shekaru

Ko na rantse muku da duk abin da ake rantsuwa da shi ba za ku yarda ba, amma dai ku saurara.

Wani ne a garinmu, can Yorkshire, makaranta ta ishe shi tun ba a je ko'ina ba, ya bar wa masu ita kayansu. Yana zaune gidan gwaggonsa Enid, yana cin nata, yana cika baki a gari wai ƙwaƙwalwarsa ta fi ƙarfin littafi.

Wata Asabar ya leƙa shagon Mista Ackroyd, mai sayar da tsofaffin kaya. Ya ga wani ɗan teburi duk ramuka, ƙafa ɗaya na rawa, an maƙala masa kuɗin da zai sayi mota.

Ya ce, "Mista Ackroyd, kuɗin nan har da shagon ne?"

"Antik ne, samari."

"Kamar yaya?"

"Kalmar daga Latin ta taso, ta biyo ta Faransa, ta shigo Turancinmu. Ma'anarta kayan mutanen da. Mu 'yan kasuwa ba ma kiran abu antik sai ya kai shekara ɗari. Ka ga ramukan nan? Ƙwaro ne ya ci. Baƙin nan kuma hannun kakanni ne."

Gogan bai tsaya jin sauran ba. Ya fito yana dariya shi kaɗai. "Shekara ɗari? Wawaye ne ke jira. Ni kafin shayin yamma na gama ta."

Ya koma gida ya tarar gwaggo ta tafi coci jera furanni. A falo akwai wata kujera da take gogewa da kakin zuma kullum, ko limamin coci ya zo ba ya zama a kai. Sai sheƙi take, ba ko ƙwarzane. Ya ce lallai wannan sabuwa ce dal, ita ta fi bukatar taimako.

Ya ja ta lambu. Ya ciro sarƙar keke ya dinga zabga mata. Ya juye shayin gwaggo kwali guda a tukunya, ya dafa, ya yi mata wanka da shi. Ya ɗauko ƙusa da guduma ya yi aikin ƙwaro. Ya shafa wa ƙafafun kitse ya kira karen maƙwabta.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta saman shinge. "Kai, me kujera ta yi maka?"

"Shekaru nake ƙara mata. Yanzu muna wajen saba'in."

"Enid ta sani?"

"Za ta sani ranar da na kai ta bakin teku a sabuwar mota."

Ya ɗora kujera a baro sai shago, tana ɗigar shayi a hanya.

"Mista Ackroyd, ga antik da ɗuminsa. A kanta kakan kakana ya cika."

Mista Ackroyd ya sa tabarau. Ya juya ta, ya duba ƙasanta, ya shafa bayanta. Sai kawai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Wannan ba kujerar Enid ba ce? Tun ina da gashi a kai nake roƙonta ta sayar min. Ta haura shekara ɗari biyu, ba ta taɓa ko tabo ba."

Gogan ya washe baki. "Da ɗarina ɗari uku ke nan. Nawa za ka ƙara?"

"Ko murhu ba zai karɓe ta ba. Ka jiƙa ta."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Gwaggo Enid ce da hular coci, sarƙar keke na hannunta, maƙwabciya na bayanta. Ta dubi kujera. Ta dubi ɗan ɗan'uwanta.

"Gwaggo, tsaya ki ji. Ita kalmar daga Latin ta taso, ta biyo ta Faransa..."

"Shekararka nawa yanzu, ɗana?"

"Talatin da biyu, Gwaggo."

Ta ajiye jaka, ta naɗe sarƙa a hannu.

"Mista Ackroyd, rufe ƙofa. Saura sittin da takwas ya zama antik."