Gangar da Ba Ta Huce Ba

"Sau ɗaya! Sau ɗaya tak ka doki ganga a duk bikin nan!"

"Shi ma ba kiɗa ba ne, gwaji ne."

"Gwaji? An ci, an sha, an yi jawabi, an kwashe kujeru, kai kana tsugune kana murɗa noti!"

"To ke Torunn, so kike in hau dukan gangar da ko gajiyar mota ba ta huce ba?"

Wani mutum ne mai kaɗa ganguna a wata 'yar ƙungiyar makaɗa da ke yawon biki a ƙauyukan bakin ruwa, arewa da birnin Bergen. Torunn ce mawaƙiyarsu, ita ce kuma shugaba. Ita in sun je wasa, makirufo take jonawa ta yi tari a ciki, shi ke nan ta shirya. Steinar mai jita ya soka waya ɗaya, ya tafi neman kofi. Shi kuwa mutumin namu sai ya shimfiɗa darduma, ya ja da baya ya ƙare mata kallo, ya naɗe, ya sake shimfiɗawa. Ya kafa ganga, ya kara kunne, ya ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba zai iya faɗa wa dangi ba. Duk yankin an san yana da ganguna. Ba a dai sami wanda zai rantse ya taɓa jin kiɗansa ba.

Ranar nan abin ya kai wa Torunn wuya. Ta zuge jakar hannunta, ta ciro wani ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanka ba, ta danna. Sai ga kiɗa: dum-cas, dum-cas.

Ta ce, "Ka gan shi? Ba ya shan kofi, ba ya shimfiɗa darduma. Ranar Asabar ƙanwata Eldrid za ta yi aure a ɗakin taron ƙauyenmu. In ango da amarya suka miƙe rawar farko ba ka shirya ba, shi zan ɗora a kujerarka, kuma ya zauna ke nan."

Ya leƙa akwatin ta sama, ya leƙa ta ƙasa. "Wannan abin ko notin murɗawa ba shi da shi."

"Abin da ya sa nake son sa ke nan."

Mutumin ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa shi ba shi da nawa, bukukuwa ne ke zuwa da wuri. Don haka tun ranar Talata ya lodi mota ya nufi ɗakin taron. Ya tarar da Oddvar, tsohon da ke riƙe da makulli, wanda in zai ce "i" sai ya ja numfashi ciki kamar an watsa masa ruwan sanyi a baya.

Oddvar ya ce, "Bikin ai sai Asabar."

"Na sani. Na ma makara."

Oddvar ya ja numfashi, ya buɗe masa ƙofa.

Kashegari tsofaffin matan ƙauye suka zo saƙa, yadda suka saba. Suka tarar da mutum a kan dandamali, kwance rub da ciki yana hura ƙura daga ƙafar ganga. Suka ja kujeru suka kewaye shi, suka ci gaba da hirarsu. Can ya ɗago kai, sai ya ga Goggo Gunnvor ta jera waina da cuku a kan faifan tagullar da yake kaɗawa tare da ganguna, tana miƙa wa mata.

"Goggo! Wannan ba faranti ba ne!"

"To ɗan nan, me ya sa ka ɗora shi a kan ƙafa daidai tsayin hannu?"

Ya wanke faifan, ya goge, ya doka, ya ce yana jin sauran man shanu a muryarsa. Ya koma farko. Kafin su tashi, wata rigar sanyi da Goggo ke saƙawa ta zame ta faɗa cikin babbar ganga. Ya taka fedar gangar, ya ji sauti ya yi laushi. Idonsa ya kawo ruwa.

"Goggo, a bar ta a nan."

"Ta jikana ce fa, ko hannu ɗaya ban gama ba."

"Kada ki gama. Hannu na biyu zai ɓata komai."

Ranar Juma'a aka binne Arnfinn masunci, jama'a suka dawo daga maƙabarta suka cika ɗakin don shan kofin ta'aziyya. Kowa da baƙar kwat. Kowa ya ga mutum a kan dandamali da ganguna, kowa kuma ya kau da kai, don mutanen nan gara a taka musu ƙafa har yamma da su ce wa baƙo "matsa". Fasto ta miƙe, ta sassauta murya.

"Arnfinn mutum ne mai haƙuri."

Dum.

"Mutum ne da ba ya son hayaniya."

Dum. Tsss.

"Ya tafi ya bar mu cikin..."

"Fasto, yi haƙuri," in ji mutumin, ya ɗaga sanda. "Uwargida, ke mai kuka a layin gaba. Don Allah ɗan maimaita kukan nan, amma ki fuskanci bangon hagu."

Matar marigayi ta dubi fasto, fasto ta dubi kofinta. Don kada a ce ta yi rashin kunya, baiwar Allah ta juya hagu ta sake kuka.

"Ƙara ƙarfi kaɗan. Yauwa! Yanzu ɗaki ya zauna. Ashe mutane ne babu. Jama'a, gobe za ku iya dawowa ku zauna yadda kuke, da kwat ɗin nan naku?"

Matar ta share hanci, ta ce, "Mu duk an gayyace mu. Arnfinn ne dai ba zai sami zuwa ba."

"Ba komai. Da ma ba da shi na auna ba."

Da suka watse, ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa: ya gama. Don tsoron kada wani ya gusar da wani abu, ya ɗauko kusoshi ya kafe komai a jikin katakon dandamali, ganguna, ƙafafu, kujera, har da dardumar.

Ranar Asabar Torunn ta shigo ta same shi zaune cikin kayan biki, sanduna a hannu. Ta taɓa goshinsa.

"Lafiyarka kuwa?"

"Na shirya."

Steinar ya kusa shaƙewa da kofi. Aka ci abinci, aka yi jawabai, ango ya miƙa wa Eldrid hannu. Mutumin ya ɗaga sanduna sama. Daidai nan wani ya banko ƙofa yana haki.

"Rana! Jama'a, rana ta fito!"

To, ruwa ake yi a ƙauyen nan tun ana kirga kwana har aka daina. Akwai yaran da suka manta suna da inuwa. Kafin ka ce me, ɗaki ya zama kango. An fita da tebura, an fita da kek, an fita da kakar ango a kan kujerarta tana tauna. Maza suka tuɓe kwat suka miƙa wa sama fuska kamar ƙadangaru.

Torunn ta leƙo ta taga. "Fito da kayan! A kan ciyawa za a yi rawa!"

"Ba sa fita."

"Kamar yaya ba sa fita?"

"Na kafe su."

Yayyen ango masassaƙan jirgin ruwa ne, kuma zartonsu na cikin mota. Suka shigo suka yanke dandamalin ta gefe huɗu, suka ɗaga shi da mutum da ganguna a kai, suka fita da shi ta babbar ƙofa yana ta ihu, "A hankali, kada ku tashe su!" Oddvar ya tsaya bakin ramin da aka bari, ya daɗe yana kallo, ya ja numfashi.

Aka dire shi a kan ciyawa. Torunn ta ce, "To, bismilla."

Ya taka babbar ganga. Dum. Daga ƙetaren ruwa aka ce, dum.

"Wa ya amsa?"

"Dutse ne ya maido da amo, bawan Allah," in ji Torunn.

"Ba da shi na shirya ba."

"To a matsar maka da shi?"

"In da hali, hagu kaɗan. Kuma tumakin can, a cire musu ƙararrawa, ko a daidaita ta da faifaina."

Eldrid ta tattaro farar rigarta ta zo har gabansa. "Don girman Allah, ko yaya ne ka buga. Ranar nan ba za ta kai yamma ba."

"Amarya, aure fa za ki yi. A kan 'ko yaya ne' kike so ki fara?"

Ya sauka ya soma murɗa noti. Torunn ta zuge jaka, ta ɗora ɗan akwatin a kan kujerarsa, ta danna. Dum-cas, dum-cas. Aka yi rawa har takalma suka cika da ciyawa. Baƙi na wucewa suna dafa kafaɗarsa, suna cewa, "Kai, yau ka yi kiɗa! Ashe haka ka iya?"

Biki ya watse, bai tashi ba. Ya ce shi ba zai bar akwatin da ba shi da noti ya kore shi ba. Ruwa ya dawo, ya ce fata ta jiƙe, ya koma farko. Ganye ya zube, ya ce bishiyoyi sun daina riƙe sauti, ya koma farko. Dusar ƙanƙara ta sauko, Oddvar ya riƙa zuwa da shebur yana tone shi, ya miƙa masa kofi, ya ja numfashi, ya tafi. Goggo Gunnvor ta saƙa wata riga ta zura masa yana tsugune, bai ma sani ba. Da bazara tsuntsaye suka yi sheƙa a cikin ƙaramar ganga, ya jira suka ƙyanƙyashe suka tashi, ya koma farko.

Shekara ta zagayo, Eldrid ta haihu. Ranar da aka yi wa jariri baftisma aka dawo ɗakin taron cin abinci, mutanen nan dai na bara. Rana kuma ta sake fitowa, aka sake kwasowa waje. Torunn ta danna akwatinta, shiru. Ta jijjiga, ta buga shi a gwiwa, shiru. Batir ya mutu, kanti kuma a rufe, ranar Lahadi ce.

Ta waiga. Ga mutumin a kan guntun dandamalinsa, gemu har ƙirji. Ta haɗiye abin da za ta haɗiye, ta taka ta je.

"Ka gama?"

"Tun jiya."

"In ka buga yanzu, yanzu-yanzun nan, kujerarka ta dawo, akwatin kuma in jefa shi a ruwa da hannuna."

Magana ta bazu. Jama'a suka ajiye cokula. Steinar ya ajiye kofi, abin da bai taɓa yi ba. Mutumin ya hau kujera. Ya dubi dutse, yana nan inda ya san shi. Ya dubi tumaki. Ya dubi matar Arnfinn, ita da kanta ta juya hagu. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga sanduna sama, kowa ya riƙe numfashi, har Oddvar.

Sai jariri ya ce, "Inyaa!"

Mutumin ya sauke sanduna a hankali. Ya nuna zanin da ke hannun Eldrid.

"Wannan ba da shi na auna ba. Ko dai a mayar da shi inda ya fito, ko a ba ni zuwa ranar aurensa."