Ranar da Na Koyar da Wanke Hannu a Shetimari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi kuka gaban manoman tattasai ba, ni da sabuwar shadda.

Ina watan gwaji ne a aikin malamin gona a Diffa. Shef ɗinmu, wato shugabar ofis, ta tura ni ƙauyen Shetimari da saƙo ɗaya: duk wanda ya yi feshin maganin ƙwari ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska. Ta ce bayan mako za ta je da kanta ta tambaye su, in ba su riƙe ba, in nemi wani aikin.

Sai dabara ta faɗo mini, har na yi tsalle! Manomi ba ya riƙe dogon bayani, sai abin da ya gani. Na garzaya kasuwa na sayi jan gari wurin wani Badamagare. Na ce garin tattasai, shi ya ji kamar na ce yaji (ko ni ne na yi ta zuba ban saurare shi ba, Allah masani). Tattasanmu ai ba shi da zafi, don haka ban ko shinshina ba.

A ƙarƙashin bishiya, Bulama mai gari na zaune a gaba, na tsoma hannu biyu cikin garin na ɗaga sama.

"Ku ɗauka wannan guba ce! Kun ga yadda take mannewa?"

Suka gyaɗa kai. Daɗi ya kwashe ni, murya ta ƙara tashi, gumi na zuba. Sai na sa hannu na share fuska, har cikin ido.

Jama'a, barkono ne zalla! Na yi ihu, na yi rawar da ban iya ba, majina har haɓa, ina laluben buta ina kiran Inna.

Bulama ya miƙo sabulu, ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Malam, kai ne ka ce a wanke hannu. Ido naka bai ji ba?"

Dariya har mata masu shanya suka taso kallo. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Da shef ta je, ba ta gama tambaya ba suka amsa baki ɗaya, wani tsoho ma ya tashi ya kwaikwayi rawata. Aiki ya tabbata.

Na dai gane mutane kan manta abin da ka faɗa, amma ba sa manta abin da ya same ka. Matsalar ita ce yanzu kowane ƙauye na je, sai a ce in maimaita darasin yadda na yi a Shetimari.